Wadda Ta Yi Shiru

Zaurena a Rafin Daɗi cike yake da tsofaffi marasa baki:
garmaho mai karyayyar allura,
anini mai huji, dutsen guga na gawayi,
agogon da ya tsaya ƙarfe huɗu saura kwata tun ban yi wayo ba.
Ƙusa biyu na buga a bango bara,
har yau suna jiran kaya.

Ran Laraba na nufi Ƙofar Guga, gidan Baba Nadabo.
Shekara ashirin da bakwai yana gyaran makamai a bariki
kafin idonsa ya nemi sallama.
Ya shimfiɗa buhu, ya warware tsumma,
warin tsohon mai ya riga bindigogin fitowa.

Hannuna ya tafi ga mai ƙyalli.
Ya buge shi kamar na yaro a bakin tukunya.
"Fenti mayafin tsatsa ne, Malam.
Ido ba ya sayen ƙarfe, kunne ke saya."
Ya ja sakatarta, ta yi gurnani ta cije.
"Ka ji? Dubi lambar jikinta, dubi ta sakata.
Uwa daban, uba daban,
a tebur aka ɗaura musu aure jiya-jiya."

Can ƙasan tsumman wata na kwance,
katakonta ya yi baƙi inda kunci ke jingina,
ya lotsa inda yatsu huɗu suka saba zama.
Makfo, in ji shi, irin ta mazan jiya.
Sakatarta ta tafi ta dawo, ƙwas, ƙwas,
kamar tsoho mai gajeriyar magana.
Lamba ta amsa lamba.
A gindinta wani ya yi zane da tsinin wuƙa,
tsaga bakwai, ta takwas bai ƙarasa ba.
Na ce mutane ne ko watanni?
Ya ce mai wuƙar bai bar wasiyya ba.

Kakana, Kofur Barmo, ya dawo daga Boma da tari
da wata lamba a gwangwanin taba.
Ko hoto bai bari ba.
Abin da na riƙe shi ne yadda yake saɓa fartanya,
gindi a tafi, ƙota a miƙe,
yana tafiya gona kamar wani na ƙirga masa sawu.
Na ɗaga Makfo, na ji nauyin da kafaɗarsa ta ƙi mantawa.

Na ce, Baba, tana da aminci?
Ya yi dariya har tari ya karɓe.
Ya zura kara a bakinta, taki ɗaya ya tsaya.
"Dalma ce, ni na narka da hannuna.
Allurar ma na datse. Ga takardar hukuma, ga hatimi.
A zamaninmu amintacciya ita ce wadda ba ta ƙin tashi.
Kai da zamaninka, ka fi ni sanin wadda kake nema."

Na sani.
Damina biyu ke nan ƙanwata da 'ya'yanta suna ɗakin baya,
sun baro gero a tsaye can bayan Batsari.
Ƙaramar, Hurera, in ƙyaure ya bugu
sai a jawo ta daga ƙarƙashin gado.

Ban yi ciniki mai tsawo ba.
Na naɗe ta a tabarma, na ɗaure a bayan babur.
Kwana tara yarinyar tana zagayawa ta ƙofar baya.
Ran na goma na tarar da ita a zaure, ta ɗaga kai, ta yi tsit.
Zanzaro ne ke kai da kawowa da laka a baki,
ya auna hancin Makfo, ya ga ya yi masa ɗaki.

Ta ce, Kawu, kar ka kore shi.
Na ajiye tsumman gogewa.