Kwabo a Kan Allura

Garmahon Baba Mati ya zo hannuna
da faifai goma sha ɗaya cikin tsohon zanen Inna,
da kwabo mai huda, ɗaure da zare
a bisa kan da ke riƙe allura.
Haka na buɗe ido na gan shi. Ban taɓa tambaya ba.

Na ɗauke shi niƙi-niƙi zuwa 'Yar Kutungu,
rumfar Gide mai rediyo.
Ya ɗora tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya,
ya kwance kan, ya ɗaga shi ga haske kamar mai sayen ƙwai.
"Wagga allura ta daɗe da mutuwa, Tasalla.
Garma ce yanzu. Huɗa take, ba waƙa ba."

Ya zazzage gwangwanin madara: kawuna uku.
Mai arha, ya ce ransa bai kai arba'in.
Mai ƙyalli kamar haƙorin Makka,
ƙusoshinsa sun ƙi hannun namu.
Na ukun baƙi ne, ba ado,
sai ɗigon dutse a baki, bai kai ƙwayar gero ba.
Shi ya ɗaura, waya huɗu sirara kamar gemun masara,
ya tsinke zaren, ya miƙo min kwabon.

"Kada ki ƙara aza mata kaya,
nauyin nan shi ka cinye faifai.
Share ta da gashin zabo, daga baya zuwa gaba.
In za ki sauke ta,
sauke kamar mai kwantar da jinjirin da barci ya ɗauka."

Bayan isha'i, a ɗakinmu na Ƙofar Guga,
na sa faifan da Baba ya fi so.
Akwai wurin da allura kan yi tsalle, duk da kwabon,
shi kuwa ya yi gyaran murya
ya cike giɓin da bakinsa: "Ladidi,"
Inna ta ja tsaki daga madafa tana murmushi.
Shekara talatin muna tsallake wannan rami tare.

Yau allura ta bi ta ciki, sumul, ko gezau.
Ashe ba sunan Inna ke wurin ba.
Sunan wata tasha ce da jirgin ƙasa ke shan ruwa.

Faifan ya kai ƙarshe, yana ta shan iska, shuu, shuu.
Ban tashi na ɗaga hannun ba.
Kwabon na cikin tafina, ya yi ɗumi,
da guntun zaren har yanzu a hudarsa.