Ɗigon Tawada

Biyana, hunturun 1788.
Ni ba mawaƙi ba ne, mai kwafa ne:
shafi goma, kuɗin burodi ɗaya.
Maigida Zeilhofer yana ƙaga kiɗa,
ni ina bin sawunsa da gashin dinya
kamar mai kala bayan girbi.

Daren Laraba tawada ta daskare.
Notburga ta ɗumama kwalbar a tafinta,
tana tari, tana ƙirga itacen da ya rage.
Gyangyaɗi ya sace ni a shafi na bakwai,
alƙalami ya zubar da hawaye guda
daidai inda maigida ya bar shiru.

Ban gani ba. Na kai aiki da asuba.

Ran Lahadi, a gidan wani basarake,
ina raɓe bakin ƙofa cikin barori,
mai goge ya iso gurbin, ya ja ɗigona,
siriri, dogo, kamar kiran wanda ya yi nisa.
Wata tsohuwa ta ajiye mafici.
Zeilhofer ya ɗaga gira,
sannan ya rusuna, ya karɓi tafi.

Na tako ƙanƙara har gida.
Na ce, Notburga, yau an ji ni.
Ta ce, an biya?