Abin da Turare Bai Rufe Ba

Wata uku ina zama a bakin tabarma.
In an taru gidan suna a Rigasa
ni ce ta kusa da ƙofa,
ni ce mai saurin cewa na bar tukunya a wuta.
Babu wata tukunya.
Ƙarni nake ji daga jikina,
ina tsoron hancin ta gefena.

Na kai kukana Kasuwar Barci
wajen Uwani mai kwalabe.
Ta auna min bagaruwa, ta ƙulla alif a leda,
ga farin miski, ga turaren tsuguno,
ta ce sati guda sai labari.
Na tsuguna kan kasko har idona ya yi ja,
na wanke ciki da sabulu mai ƙamshin lemo
safe da rana da dare.
Kuɗin ɗinkin sallah suka bi hayaƙi.
Ƙarnin ya tafi da la'asar,
da asuba ya dawo riƙe da hannun ƙaiƙayi
kamar baƙon da ya gayyato ƙaninsa.

Ran Talata, ana yayyafi,
na hau keke zuwa asibitin Badarawa.
Sista Kyauta, tabarau a ƙarshen hanci,
ta ce, me ke tafe da ke?
Na ce ciwon kai.
Ta ajiye biro. Ta jira.
Sai na faɗa, ina kallon silifas ɗina.

Ko gira ba ta ɗaga ba.
Ta ce, ke ce ta huɗu yau.
Wurin nan da masu gadinsa,
'yan halittu da ido ba ya gani,
su ke share ɗakinsu da kansu.
Kin kore su da kumfa da hayaƙi,
ɓarayi suka tarar da ƙofa a buɗe.
Ruwa zalla ya isa, daga waje kawai.
Tsarki kuwa daga gaba zuwa baya.
Kamfai na auduga, ba mai santsin leda ba,
ki ba shi rana, daina ɓoye shi bayan ƙyaure,
da damina ki bi shi da guga.
Audugar al'ada kada ta wuni a jikinki.
Kowace mace da ɗan warinta na halitta,
wannan ba cuta ba ce.
In ya sauya, ko ruwan ya sake launi,
ko fitsari ya zo da zafi,
nan za ki zo, ba kasuwa ba.

Ta ɗebi gwaji, har sukari ta auna,
ta ce shi ma yakan zare sakata.
Ƙwaya ta kwana bakwai, ko kin ji sauƙi ki ƙarasa.
In sakamako ya nuna da hannun maigida,
shi ma benci na jiran sa.

Yanzu igiyar shanyata ba ta da sirri,
iyaka na kare ta da zani.
Kaskon ya koma aikin turara ɗaki.

Jiya an yi sunan ɗiyar Lantana.
Na zauna tsakiyar mata, na miƙe ƙafa,
na ci waina har da neman ƙari.
Can bakin ƙofa na hango wata,
ta takure, ta nannaɗe jiki da mayafi.
Ta miƙe, wai ta bar tukunya a wuta.

Na ajiye kwanona.
Na bi ta zaure.