Kashi Sittin da Uku

Sha ɗaya da rabi na dare ƙasa ta yi gyatsa,
'yar girgizar da ko kare ba ta tayarwa a Valparaíso.
Kofuna suka gaisa a kan kanta.
Wuta ta ɗauke, ta dawo,
ƙiftawar ido biyu.

Amma layin nan shuɗi na sabunta bayos
yana kashi sittin da uku.
An rubuta a ƙasansa: kada a kashe.
Ita ƙasa ba ta iya karatu ba.

Na danna. Fanka ta juya, fitila ta kama,
allo kuwa baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Zanen gidajen tudu, aikin wata huɗu, yana ciki,
ƙarfe tara na safe za a karɓa.

Na sauya kebul. Na ɗauko talabijin daga falo,
na jona, ya ce babu sigina,
kamar ni ban sani ba.

Kakana Nibaldo ya sauko da silifas ɗaya.
Shekara talatin yana gyaran wutar injinan ɗaga kaya
a tashar jiragen ruwa,
bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba.
Ya ce, Fresia, daina dannawa.
Mara lafiya ba a tashinsa da mari.
Zare ta daga bango. Kawo tocila.

Muka kwantar da ita a teburin cin abinci,
gefen burodi da ragowar shayi.
Na cire katin hoto, na mai da kebul jikin madabod.
Shiru.
Na zare ram biyu, na bar guda.
Sai ta yi kuka: dogo ɗaya, gajeru uku.
Tsoho ya yi murmushi,
ya ce mai kuka bai mutu ba.

Ga batir nan, zagayayye kamar kwabo.
Farcena ya kasa, wuƙar man shanu ta iya.
Muka jira minti goma, mu bar ta ta manta.
Can ƙasa wani jirgi ya yi haniniya cikin hazo,
kyanwar maƙwabta ta taka kwanon rufi.
Na mayar. Na danna.
Baƙi.

Na yi zagi. Bai ce komai ba,
ya sa tabarau, yana bin littafin da yatsa,
shafi na arba'in da ɗaya, rubutu kamar ƙwan tururuwa:
akwai wani ɗan maɓalli a baya,
ƙasa da ramin da ban taɓa sa wa komai ba.

Ƙarfe biyu na buga ƙofar Eliana, ta ara mini laftof
ba tare da ta buɗe ido duka ba.
Na sauke fayil, na sauya masa suna harafi-harafi,
na zuba a tsohon filashi mai tsagaggen murfi.
Na riƙe maɓallin, ɗaya, biyu, uku.

Wata 'yar koriyar fitila ta fara ƙyafta ido.
Minti shida.
Ba wanda ya taɓa teburin.
Na roƙi ƙasa ta riƙe numfashinta.

Fitilar ta mutu. Na danna.

Haske.
Fararen haruffa, munana, ban taɓa ganin kyawawa kamarsu ba.
Sai dai agogonta ya ɓata:
ɗaya ga Janairu, shekara bakwai baya.

Na kai hannu zan gyara, ya riƙe ni.
Ya ce, a wannan ranar kakarki tana kicin ɗin nan,
tana faɗa a kan wanda ya bar wuƙa cikin man shanu.

Bar shi haka tukuna.
Ruwan shayi bai tafasa ba.