Ruwan Shayi Bai Tafasa Ba

Daga tagar ɗakina a kan tudun Valparaíso
ina hango kwantenoni jibge a bakin teku,
ja, shuɗi, ruwan ƙasa,
ƙugiya tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa.
Shekara talatin da ɗaya babana, Nibaldo Carvacho,
yana rubuta lambobinsu.
Bai taɓa sanin abin da ke cikinsu ba. Bai tambaya ba.

Ni ma kwantena nake haɗawa,
sai dai nawa ba ya tsatsa, ba ya hawa jirgi,
layi bakwai ne na rubutu a kan allo.
Daren jiya na zuba masa tsohuwar manhajar gidanmu,
wadda ta tuƙa akwatin nan mai launin ƙashi
da Baba ya ɗauko bashi, wata goma sha takwas yana biya,
Mama tana lulluɓe shi da zanen tebur
kada gishirin iska ya ci shi.

Ta tashi.
Shuɗin nan mai sirkin kore,
ƙananan hotuna masu kaifin gefe,
kwandon shara a kusurwa, wayam.
Agogonta ya rantse mini yau Talata ce
ta shekarar da nake aji uku.

Daƙiƙa huɗu ta ɗauka.
Ko zama ban gyara ba.

A da, da babban yatsan ƙafa Baba yake danna maɓallin,
ya wuce kicin, ya ɗora buta,
ya yanka burodi, ya murje fiya da cokali mai yatsu.
Akwatin yana nishi, yana tari,
faifai yana ƙwaƙule-ƙwaƙule kamar ɓera a cikin kwali,
ni da ƙanena Aliro a kujera ɗaya, kowa da rabin mazauni.
A cikin wannan jiran ne muke jin
wane jirgi ya shigo, tutar wace ƙasa,
wane lebura ya yi faɗa da direban ƙugiya
a kan bashin taba.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Mu ruwan shayi kawai muka dafa,
kuma ya ishe mu.

Na buɗe wasan karta, na ci, na rufe.
Da na sake tayar da ita, ba ta san ni ba.
Haka kwantena yake, ba ya riƙo:
duk rufewa mutuwa ce, duk buɗewa asubar fari,
babu ƙura, babu zanen yatsan kowa,
babu ƙaurin roba mai zafi da ke fita ta bayan fanka.
Na sami ɗakin,
amma an share shi ƙal kafin in iso.

Baltasar, abokin aikina, ya leƙo ta kafaɗata da safe,
ya ce, Yasna, me za ki yi da gawa?
Na ce hira.
Ya yi dariya, ya koma kan aikinsa.

Yau da magariba na ƙara layi na takwas.
Na shaƙe mata wuya,
na ba ta ɗan ƙanzo daga ƙarfin injin,
abin da bai kai cikin cokali ba.
Ga ta nan tana jan ciki,
baƙin allo, farin ɗigo yana ƙifta ido,
yana ƙirga ƙwaƙwalwarsa da yatsu.

Na ɗora buta.
Na kira Aliro, can Antofagasta.
Ya ce lafiya?
Na ce lafiya, tashi take yi.
Ya ce wa?
Na yi shiru. Shi ma ya yi.
Ƙasa a tasha wani jirgi ya yi gunji sau biyu,
ya ji shi ta cikin waya.

Can ya ce, a hankali,
akwai fiya a gidan?