Inda Ake Koyon Faɗuwa

Tsahara ta fasa randa ranar Talata.
Daga kan buhun gero ta yi alkafura,
diddigenta ya sami bakin randar,
ruwa ya bi tsakar gida yana neman ƙofa.
Shekararta biyar da wata huɗu.
Uwarta ta ce, "Yau randa ce, gobe wuya.
Tashi ka nema mata wuri."

Na goya ta a babur muka shiga Yamai.

A Plato madubi ne daga ƙasa har rufi,
sanyin na'ura kamar cikin banki.
Jika talatin a wata, in ji mai karɓar kuɗi,
idonsa bai bar wayarsa ba.
Ni magini ne, ban kalli madubi ba.
Durƙusawa na yi na danna katifar:
soso kaurin yatsa biyu,
a ƙarƙashinsa siminti, zubi mai kyau,
irin wanda ba ya yafe wa ƙashi.

A Yantala kofuna sun cika kanta.
Mai horo, usur a baki,
ya ɗora gwiwa a bayan wata ƴar ƙarama
yana buɗe ƙafafunta kamar almakashi.
Ba ta yi kuka ba.
Rashin kukan nan shi ya tsorata ni.
Iyaye a waje suke jira, in ji shi, ƙofa a rufe.
"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."
Na ce haka ne,
amma na sha ganin ɗanyen da ya tsage.
Tsahara ta riƙe gefen rigata har bakin titi.

Da gida muka nufa, sai taya ta sace.
Mai faci ne, yana tsoma roba cikin ruwa,
ya ce mu gwada Talaje, bayan lakwal,
can ƴar ƙanwarsa take zuwa.

Rumfar kwano ce, iska na shiga ta ko'ina.
Katifu uku bisa juna, an ɗinke su da zaren buhu.
Na danna, na sake dannawa da gwiwa,
ban ji ƙasa ba.
Yara takwas. Na ƙirga sau biyu.
"Fiye da haka idona ba ya kai,"
in ji Madam Hamsatu, ba usur, ba sanda,
ta san sunan kowa, ta san wanda bai karya ba.
A kan benci wata tsohuwa tana tsinkar zogale
tana kallon jikanta, ba mai korarta.

Na ce, yaushe za ta fara juyi a sama?
Ta ce, "Watan farko faɗuwa muke koya."

Na yi shiru.
Shekara tara ke nan, a Kwara Kano,
katako ya zame da ni daga hawa na biyu.
Na miƙa hannu in tare ƙasa.
Har yau wuyan hannun ba ya lanƙwasa,
da damina shi ke fara gaya mini hadari ya taso.
Ba wanda ya taɓa ce mini
naɗe haɓa, ba ta kafaɗa, mirgina,
ƙasa ba a tare ta, bi ake yi da ita.

Ga shi ana gaya wa ƴan shekara biyar,
suna zubewa ɗaya bayan ɗaya,
suna tashi da dariya.

Jika shida. Na ce zan kawo Asabar.
Tsahara ta riga ta tuɓe takalmi,
sai ta tsaya, ta ja ni, ta yi raɗa:
"Baba, su ma suna da randa."

Tana can lungu, da moɗa a kanta.
Na auna daga bakin katifa, da ƙafa, irin namu:
taku goma sha huɗu.
Na ce, je ki.