Ganyen da Ba Shi da Gona

Shekara talatin nike sayar da ganye
a bakin Tsohuwar Kasuwa:
kuka, lalo, tafasa, zogale.
Rufe mini ido, in shaƙa,
in gaya maka inda anka tsinko shi,
wanga na Kware ne, wancan na fadamar Wurno.

Sai ga saƙo daga Jabbi, autana,
mai aikin jirgin ruwa a Ikko.
Leda, da wani baƙin abu a ciki,
shafal kamar saɓar maciji,
da rubutun da ko malamin boko ya kasa.
Ya ce a waya: "Inna, ciyawar teku ce.
Masu cin ta suna kai ɗari da haƙoransu."

Na shaƙa.
Ƙarni, irin na kwandon masunta da hantsi.
Ban ji gari ba. Ban ji gona ba.

Labbo kuwa, maigidana, ɗarin nan ya ji,
ita ya riƙe.
Ya marmasa a kunu, ya barbaɗa a miya,
ya tauna bayan la'asar a madadin goro.
Leda ta ƙare, anka aiko da kwali.
Wata huɗu, ko Juma'a babu fashi.

Barci ne ya fara yin ƙaura.
Sai zuciya ta kama lugude,
kamar 'yan mata uku kan turmi guda.
Kofin shayi na rawa a hannunsa,
wando ya yi masa yawa, ga shi cin yana nan.
Zufa kuwa munka ce ta gari ce.
Wa ke tuhumar zufa a Sakkwato?

Likita Ige ta dafa wuyansa,
ta ce, "Baba, haɗiye miyau."
Ta ɗebi jini, munka koma ran Talata.
"Me kake ci kullum, wanda da ba ka ci?"
Labbo ya dubi fanka.
Ni na kwance bakin zane, na aje mata a tebur.

Ta juya ledar, ta ce:
"Aidin, wanda ake sa wa gishiri don tsare maƙoƙo,
shi ne jibge a nan.
Jiki na son shi, amma irin son da miya ke wa kanwa."
Na ce, tsaya nan, 'yar nan, wannan karatun nawa ne.
Na san tukunyar da kanwa ta yi wa yawa.

Ta ce, "Da saura, Inna.
Teku ba ta korar baƙo.
Abin da anka zuba mata, ta sha,
dattin masana'anta, guggubin ƙarfe,
ciyawar ta tsotsa ta ajiye.
Wani iri da sauƙi, wani da nauyi.
Ba guba ba ce. Abinci ne, a ci jefi-jefi,
in an san iri, an san ruwan.
Shi dai Baba ya dakata."

Kunya ta rufe ni a keken da ya maido mu.
Ni da ba ni sayen yakuwa
in na ji da ruwan kwata anka yi mata ban-ruwa,
na bar baƙo wata huɗu a akushin mijina
ban tambayi garinsu ba,
don kawai ɗana ne ya rako shi.

Yanzu Labbo na minshari, har ina taɓa shi ya juya.
Hannun da saura kaɗan.
Kwalin na bisa kabad, ban zubar ba,
kuɗin gumin yaro ne.

Jiya Jabbi ya kira, murya a shaƙe.
Na ce, share hawayenka, alheri ka nufa.
Na ba direba ƙullin kuka ya kai maka,
ta bishiyar bayan gidan Tumba ce,
wadda ka faɗo daga kanta ka karya hannu.
Ita kam ka san ta.